Idan Jar Fitila Ta Kama a Hanyar Tasker

Gure, cikin kaka

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hamsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa gajiyar hanya ta bi jiki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda aiki ya kai ki. Mahaifiyarki na gaishe ki, yayyenki ma haka. Allah ya tsare ki a gida da daji, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin sa a waya. Maganar motar ce. Ranar da za ki tafi Tasker kama aikinki na likitar dabbobi, na miƙa miki makullin tsohuwar motarmu katkat a ƙofar gida, ga maƙwabta sun cika, ga mata na ta addu'a, sai duk abin da na shirya faɗa ya watse mini. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne ki riƙa duba mai. Tun ranar, in na rufe kanti da azahar na kishingiɗa, da na lumshe ido sai in gan ki kina hawa tudun rairayi kina gangarawa, daga wannan rijiya zuwa waccan, raƙuma na ɗaga kai suna kallonki, babu kowa a gefenki sai akwatin allurai. Kuma a cikin wannan gani nawa kullum sai wata ƴar fitila ta kama a gabanki, in ga kin dube ta, in buɗe baki in faɗa miki abin da take nufi, sai in farka.

To bari in faɗa miki a rubuce.

Ke kika raɗa wa fitilun nan suna tun kina ƙarama, lokacin da kike tsayuwa tsakanin kujeru kina jira in murɗa makulli su kama gaba ɗaya. Ta man inji kika ce buta ce mai ɗigo. Ta batir kika ce akwatin amarya. Ta zafin inji kika ce tsinke ne a cikin tafki. Mai ruwan ɗorawar nan kuwa, wadda aka zana da siffar inji, kika ce kunkuru. Da waɗannan sunaye zan yi miki magana, don ni ma har yau da su nake kiran su a zuciyata. Ki ci gaba da kallon nan da kike yi kina yarinya. Kowace safiya ki murɗa makulli rabi, ki ga duk sun kama, sannan ki tayar ki ga duk sun mutu. Wadda ba ta kama ba, ƙwanta ne ya ƙone, kuma ranar da za ki buƙace ta ba za ta yi magana ba.

Kuskurena na farko tsoro ne. Ba mu daɗe da sayen motar ba, muna dawowa daga Damagaram ni da mahaifiyarki, bayanta cike da kwalayen shayi da sukari. Mun kusa Gidigir, rana ta ɗan karkata, sai kunkuru ya kama. Kafin wannan motar ban taɓa tuƙa mai irin wannan fitila ba. Na taka birki na sauka daga gudron, wato kwalta, na kashe inji, ina jiran in ga hayaƙi. Na buɗe kapo, murfin inji, na leƙa, ban ga komai ba, ban ma san abin da nake nema ba.

Mahaifiyarki ta ce, "Malam, ta yi wani ƙara ne?"

Na ce ba ta yi ba.

"Tana wari?"

Na ce babu wari.

Ta ce, "To ni dai ga inuwa can."

A ƙasan hanyar akwai wani kwari irin na wajen nan, dabino da goriba sun kewaye shi, tsakiyarsa fari fat da kanwa kamar an shanya zane. Muka gangara ta shimfiɗa mayafinta. Iska na kaɗa ganyen dabino, wata mata da ke ban-ruwa a lambunta ta kawo mana ɗanyen dabino a faifai, suka shiga hira da barbarci ita da mahaifiyarki, ina tsintar rabi ina barin rabi. Daga inda nake zaune ina hango motar a bisa tudu, kawalwainiya na rawa a ƙarƙashinta har ka ce a kan ruwa take. Mahaifiyarki ta yi barci da ƙwallon dabino a hannu. Ni kuwa na ƙi sakin raina, ina ta tunanin na sayi wahala. Da la'asar wani direban babbar motar kamiyo mai ɗauke da kanwa ya tsaya, ya sa na tayar, ya saurara, ya ce in je gida a hankali, gobe in nemi makanike. Washegari Kyari makanike, wanda kika sani, ya zagaya motar ya taɓa murfin tanki ya ji shi sako-sako. Ya ɗaure. Bayan ƴan kwanaki fitilar ta mutu da kanta.

Yau in aka tambaye ni yinin da ya fi mini daɗi a zamana da mahaifiyarki, wannan yinin nake tunawa, kuma ina jin haushin kaina da na ƙare shi cikin fargaba. Saboda haka, ɗiyata, in kunkuru ya kama ya tsaya cak ba ya ƙyaftawa, kada hankalinki ya tashi. Ki rage gudu, ki saurari injin, ki shaƙi iska ki ji ko akwai ƙauri, ki dubi allurar zafi. In komai na nan yadda kika saba, ki ƙarasa inda akwai mutane. Ki fara da abin da hannunki zai iya taɓawa: murfin tanki, kan batir, wayar da ta zame. Ki kuma tuna abin da ya faru kafin ya kama, ko kin sha man kwalba a bakin hanya, ko kin ratsa ruwa, ko da sanyin safiya ne. Makanike zai tambaye ki, kuma amsarki rabin aikinsa ce.

Kuskurena na biyu daga na farkon ya fito. Da na ga abin da ya tsorata ni murfi ne kawai, sai na raina fitilar. Bayan wasu shekaru ta sake kamawa, wannan karon ta ƙi mutuwa. Lokacin Kyari bai mallaki na'urar nan da makanikai ke ce wa baliz ba, wadda ake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi abin da ke damunta. Na bari sai da na je sarin kaya Damagaram, na shiga wani garaji. Mai garajin ya jona, gilashin na'urar ya yi haske, harafin P ya fito da lambobi huɗu a bayansa. Ya ce lambar na nufin iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, kuma galibi wani ɗan ƙarfe ne da ke jikin bututun hayaƙi, mai auna abin da ke fita, yake kawo haka. Aka sa sabo. Ya danna wani wuri, kunkuru ya mutu. Na fito ina jin kamar an sauke mini kaya. Ban kai Gidimuni ba ya dawo.

Na koma, aka sake canza ƙarfen, aka sake gogewa, ya sake dawowa. Raina ya ɓaci. Na yanko ɗan kwalin shayi na manna a kan fitilar. Daga nan in na shiga mota, maimakon kunkuru sai in ga hoton koren ganye, hankalina kwance. Kin tuna kin taɓa tambayata ina kunkuru ya tafi, na ce miki ya shiga rami sai damina.

Motar ta fara shan mai fiye da da, na ce tsufa ne. Ta fara rawa in ta tsaya, na ce man kwalba ne. Wata ranar kasuwar Kelle ta riƙa fizga tana tari har na dawo gida da ƙyar. Kyari ya shiga ya zauna, ya sa farce ya ɓare kwalin. Fitilar na ƙyaftawa.

Ya ce, "Alhaji, tun yaushe take haka?"

Na ce ban sani ba.

Ya tambaye ni abin da baliz ta ce a Damagaram, na faɗa masa iya abin da na tuna, don ban riƙe lambar ba. Ya ce to na'urar ba ta yi ƙarya ba, iska ta ce ta yi yawa, saura a nemo ta inda take shiga. Ya tayar da inji ya sunkuya yana bin tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har ya kai ga wani da rana ta busar ya tsage ta ƙasa, yana tsotsar iska yana shewa a hankali. Tiyon bai fi tsawon tafin hannu ba. Amma kafin a gano shi buji, wato fulogin inji, sun lalace, wani abu mai tsada a cikin bututun hayaƙi ya ƙone.

Ga abin da nake so ki riƙe. Lambar da baliz ke nunawa tana faɗin inda motar ke kuka ne, ba lallai ta faɗi abin da ya karye ba. Kada ki yarda a canza ƙarfe don kawai sunansa ya fito a gilashi, ki ce a gwada shi tukuna, a bi waya, a bi tiyo. Kafin kowa ya goge lambar ki ɗauki hotonta da wayarki ki turo wa Kyari, yanzu yana da tasa na'urar, ya san ma'anarsu. Kada ki bari a cire kan batir don fitila ta mutu, wannan ma gogewa ce, kuma gogewa ba gyara ba ce. In an ce an gyara, ki yi ƴan kwanaki kina yawo kusa da gari kafin ki nufi rijiyoyi masu nisa. Idan kuma kunkuru ya fara ƙyaftawa, magana ta canza: ki sassauta ƙafa, ki nemi wuri mafi kusa ki tsaya. Kada ki taɓa rufe masa baki kamar yadda na yi.

Na uku kin sha jin sa gutsi-gutsi a bakin mutane, amma ba ki taɓa jin sa daga bakina ba. Shekarar da kakanki na Gamu, mahaifin mahaifiyarki, ya rasu. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai. Da hantsi aka kira aka ce jikin tsoho ya yi nauyi, yana ta kiran sunan ɗiyarsa Fanna, wato mahaifiyarki. Muka bar ku wajen maƙwabta muka kama hanya. Ban taɓa ganin ƙasar nan ta yi kyau kamar ranar ba. Tuddan rairayi duk sun yi kore, ƙananan tafkuna na ƙyalli a kwaruruka, balbelu na bin shanu, gajimare fari na tafiya tare da mu kamar mai rakiya. Mahaifiyarki na riƙe da ƙwaryar fura da ta dama masa, ta rufe da faifai, tana kallon waje tana motsa leɓe.

Mun ci fiye da rabin hanya sai na ji wani ɗan ƙara, fat, daga gaba, kamar an tsinke igiya. Akwatin amarya ya kama, ja. Na dube shi na ce a raina batir sabo ne, zai kai mu, in mun isa a duba. Mahaifiyarki ta gani.

Ta ce, "Malam, wannan ja ce."

Na ce, "Ta batir ce. Ba komai."

"Ba za ka tsaya ka leƙa ba?"

Na ce, "Tsoho na jira."

Na ci gaba da tafiya. Abin da ya tsinke fambel ne, ɗamarar robar nan da ke juya injin caji. A motarmu ita ce kuma ke juya famfon da ke zagaya ruwa cikin inji. Na san haka, Kyari ya taɓa nuna mini, har akwai sabuwar fambel da sifana a ƙarƙashin kujerar baya. Da na tsaya a lokacin, aikin da zan yi bai fi a dafa shayi a sha ba. Amma idona na kan hanya, zuciyata ta riga ta isa Gamu. Ban ƙara duban tablo mai fitilun nan ba sai da na ji wari mai zaƙi-zaƙi. Allurar zafi ta kai ƙarshe, tsinke a tafki ya kama, tururi ya taso daga kapo ya rufe gilashi. Injin ya yi wani gunji ya mutu a tsakiyar gonakin gero.

Na fita a gigice na kai hannu ga murfin radiyata. Tabon da kike gani a bayan hannuna na dama, daga nan ne. Na ɗaure shi da rawani, na jira ta huce, na sa sabuwar fambel da hannu ɗaya da rabi, na juye mata duk ruwan da muke da shi. Ta ƙi tashi. Zafin ya riga ya yi ɓarna a ciki. Wurin babu layin waya. Muka zauna a gindin wata aduwa, babu motsin komai sai tsuntsaye a cikin gero. Mahaifiyarki ta yage gefen zanenta ta sake ɗaure mini hannu, ta ɗora ƙwaryar a cinya ta riƙe.

Wani manomi dattijo ya zo da amalanken shanu, ya ji inda za mu, ya sauke ciyawarsa a nan ya ɗauke mu. Tafiyar nan har yau tana zo mini kamar ba a duniya aka yi ta ba. Shanun na taku a natse, ƙafar amalanke na nitsewa cikin rairayi ba ƙara, zangarniyar gero na shafar kafaɗunmu ta dama da hagu, rana na sauka tana mai da komai ruwan zuma. Ina ta so in ce wa dattijon ya ƙara sauri, ina kuma ganin shanun ba su da wani saurin da ya wuce wannan. Da muka hango rumbunan garin, sai muka ga maza na dawowa daga gabas a jere, wasu da fartanya a kafaɗa. Mahaifiyarki ta gane ƙanenta a cikinsu. Ta sa hannu ta gyara faifan da ke kan ƙwaryar, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

An ce mana bayan azahar ya cika, kuma har kusa da ƙarshe yana tambaya ko an ji ƙarar mota. Kwanansa ne ya ƙare, wannan babu mai ja. Amma ganawar da ba su yi ba, ina da hannu a ciki. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Abin da na lura da shi kawai, tun daga ranar in muka shiga mota ba ta kallon waje kamar da. Tablo take kallo.

Ɗiyata, ja ba a yi mata gardama. In buta ta kama kina tafiya, ki tsaya nan take ki kashe inji, ki jira kaɗan ki zaro sandar awo ki duba mai. In ya ragu ki ƙara. In a cike yake kuma butar ta ƙi mutuwa, kada ki sake tayarwa, a jawo ta. In akwatin amarya ne, ki buɗe kapo ki dubi fambel kafin komai. In tsinke a tafki ne, ki kashe, ki bar ta ta huce har ki iya ɗora tafin hannu a kanta, sannan ki buɗe murfi da tsumma, a hankali, fuskarki a gefe. In ta birki ce, ki duba ko birkin hannu ne bai sauka ba, in ba shi ba ne ki dubi man birki. Ruwan shanki daban, na mota daban, kada ki haɗa. Kada ki fita daji ba ki faɗa wa wani rijiyar da kika nufa ba. In ta mutu miki, ki zauna kusa da ita a inuwa, mota ta fi mutum saurin ganuwa daga nesa, kuma makiyaya ba sa wuce baƙo.

Direban da zai kawo miki takardar nan zai ba ki ƙunshi. Akwai fambel, da tiyo, da buji, da galan na man inji. Kilishi da yajin kuma daga mahaifiyarki ne.

Da na kawo nan na karanta mata abin da na rubuta, tana tsince wake a tire. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗago ba. Na tambaye ta ko akwai abin da za a ƙara. Ta daɗe tana juya waken, sannan ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Hamsatu, mun tsufa, ni da babanki. Wata rana za a kira ki a ce ɗayanmu na kwance yana kiran sunanki. Za ki shiga motar nan hankalinki ba ya jikinki. In ja ta kama a hanya, ki tsaya. Ki sauka ki duba, ki gyara a natse. In kin same mu, alhamdu lillahi. In ba ki same mu ba, mun yafe miki tun yau, kuma ba makara kika yi ba. Ni dai ki iso da ƙafafunki."

Na rubuta yadda ta faɗa. Ni ma maganata ke nan.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama waraka ga dabbobin bayinsa, ya ba ki haƙuri da mutane da hanya. Allah ya kai ki duk inda kika nufa lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa a gabanki da bayanki akwai tsarinsa. Ki gaishe da shugabanki na aiki da matar da ta sauke ki a gidanta, ki ce mun gode.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Mamman Sani